Kasis ɗin Injiniya Chindo

Duk wanda ya taɓa bi ta Zangon Ƙirya, ɗan garin nan da ke manne da kwalta tsakanin Tsarnawa da Malbaza, ya san shi da abu biyu: albasa da bakin Chindo. Albasar ma tana da lokacinta. Bakin Chindo kuwa rani da damina a buɗe yake.

Shekarun baya da aka zo gyaran hanya, 'yan kwangila suka ɗauke shi aiki, suka damƙa masa jan ƙyalle a kan sanda, ya tsaya yana tsai da motoci yana sallamarsu. Iyakar aikin ke nan, shi ɗin ma bai kai shi ƙarshe ba. Ranar da ya sallami kamiyo biyu, manyan motocin kaya, lokaci guda, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, suka zo suka tsaya hanci da hanci, aka ce ya ajiye sanda ya kama gabansa. Sanda kam ya ajiye. Hular kwano da rigar nan mai ƙyalli ne dai har yau yake mantawa bai mayar ba. Tun daga ranar ya zama Injiniya. In ka kira shi Chindo tsura, sai ya waiga bayansa yana taya ka neman mai sunan.

"Hanyag ga da kuke gani," yakan ce yana dukan ƙirji, "daga Konni har Tawa ni na shimhiɗa ta. Anasara igiya ɗai yar riƙa mini."

To amma injiniyancin bai taɓa kawo ko tiya ɗaya ta gero gida ba. Matarsa Tsahara ta gaji, ta kai kuka wurin yayanta, Alhaji Mika'ilu, mai gonaki a Bazaga. Alhaji yana da wata rumfar kwano a ƙarshen gari, bakin hanya. Ya buɗe ta, ya sayo buta da kofuna da benci, ya ce Chindo ya sayar da shayi.

"Amma ka ji sharaɗi," in ji Alhaji. "Daga yau zuwa saukar ruwan shuka. In na zo na iske rumhwa da mutane, ta zama taka. In na iske ka kai ɗai da ƙudaje, mai hwacin taya za ni ba ita, kai ko ka bi ni Bazaga ka kama hauya tare da 'yan ƙwadago."

"Mutane, Alhaji?" Chindo ya bushe da dariya. "Ka dai tanadi wanda za shi raba layi."

Da ƙarfi ya faɗa, amma a baki kawai ƙarfin ya tsaya. Babu abin da Chindo yake tsoro a duniya kamar a gan shi duƙe a gonar surukinsa, bayan duk gari ya sha jin cewa shi ya shimfiɗa hanyar Tawa.

Aka buɗe rumfa. Buta ta tafasa, ruwa ya ƙone, aka ƙara wani, ya sake ƙonewa. Ko mutum ɗaya. Dalilin kuwa a fili yake. Can saman gari, gaban lakwal, wato makarantar boko, gwamnati ta yi kasis, ɗan tudun nan da ake gicciyawa a kan kwalta don mota ta rage gudu. Nan kowace mota take lafawa, nan mata suke yanyame ta da albasa da ƙosai da fura. Shugabarsu ita ce Naja'atu, taubashiyar Chindo, wadda bakinta ya fi nasa kaifi ko da bai kai nasa tsawo ba. Daga lakwal sai hanya ta yi gangare, rumfar Chindo kuma tana can gindin gangaren. Kafin mota ta iso wurinsa ta zama iska. Fuu! Sai dai ya dafe hular kwano ya bi ta da kallo.

Wata rana da azahar ya faɗo gida yana haki.

"Tsahara! Na gano! Ba ƙosai ka tsai da mota ba, ba albasa ba. Kasis ne!"

"To?"

"To mi? Wa yah hi ni sanin kasis ƙasag ga? Nawa za ni yi."

"Baban Wasila, hanyar gwamnati ce hwa."

"Hanyata ce. Aro na ba su."

Kashegari da sassafe ya sa hular kwano, ya ɗauki baro da shebur, ya kwaɓa laka da burji, ya ja wani ɗan tudu daga wannan gefen kwalta zuwa wancan, daidai ƙofar rumfarsa. Ya shafe shi da tafin hannu sumul, ya koma ya hura wuta, ya jera kofuna. Kamiyon farko da ya gangaro ya bi ta kan kasis ɗin ya mai da shi faifai. Direban ko ƙiftawa bai yi ba.

Naja'atu ta sauko daga saman gari musamman don ta gani. Ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Taubashi, ashe waina kaka toyawa bisa kwalta? Sa mini biyu, da yaji."

"Gwaji ne, jahila. Haka aka auna ƙarhin ƙasa."

"To ya ka iske ta?"

"Ƙasa lahiya lau take. Kamiyon ne bai da ladabi."

Daga nan aiki ya zama na gaske. Kamiyon siminti in suka fito daga Malbaza, ba a rasa buhun da ya fashe ya zubar a gefen hanya. Chindo ya bi da tsintsiya da baro yana sharewa, har ya tara abin kirki. Ya kwaso duwatsu daga wani kango, ya haɗa da tsohon gatarin injin da ya tsinta, da rabin turmi. Ya gina kasis na biyu, ya kai gwiwa. Ya tare hanya da ƙaya har ya bushe, yana ce wa direbobi umurni ne daga sama.

Wanda ya fara ɗanɗana shi Alkasum ne, mai wata tsohuwar bas da ke jigilar 'yan kasuwa. Ranar an yi mata lodi har sama, buhuna da katifa da kejin zabi. Ta gangaro daga lakwal tana waƙa. Gau! Gaba ya tashi, baya ya bi, kawunan fasinja suka gaisa da rufi gaba ɗaya. Keji ya faɗo ya buɗe, zabi suka watse cikin gari suna kwarmato. Ƙwaryar nonon wata Bafillatana ta tashi daga cinyarta ta kife a kan rawanin wani malami.

Bas ta tsaya cik a ƙofar rumfa. Chindo ya zabura da buta.

"Marhaba da baƙi! Shayi! Baƙi ko da madara?"

Malamin ya fito, nono yana ɗiga daga gemunsa. "Madara kuma? Ba ka ga ta ishe ni ba?"

Alkasum ya diro yana dafe da ƙulun da ya fito masa a goshi. "Wane maras tsoron Allah ne yag gina katanga bisa hanya?"

"Kasis ne, na zamani. Irin shi ad Dubai."

"Ka taɓa zuwa Dubai?"

"Su sunka zo sunka gani wurina."

Da ba don Liman ya fito daga masallaci ba, da ranar an yi wa Injiniya gyaran hanya a gadon baya. Fasinja suka bazu kamun zabi har la'asar ta kusa, kowa yana tsine wa mai kasis, ba wanda ya kurɓi shayi. Wani ma da kofi ya tafi. Amma Chindo ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai.

"Mota ta tsaya ko ba ta tsaya ba?"

"Ta tsaya," in ji Tsahara.

"To saura shan. Aiki sannu-sannu aka yin shi."

Direbobi kuwa ba su da sirri. Kafin kasuwa ta zagayo, labarin katangar Zangon Ƙirya ya kai kowace tasha. Sai suka fito da dabara. A gefen hanya dama da hagu akwai lambatu mai faɗi, wanda ruwan gari yake bi da damina ya gangara fadama. Yanzu rani ne, a bushe yake ƙayau. Mota in ta iso sai ta ɗan karkata, ta sauka cikin lambatu, ta zagaye kasis, ta hau kwalta, ta bar wa Chindo hayaƙi. 'Yan kabu-kabu har hannu suke ɗaga masa.

"Ni za a yi ma wayo?" in ji Chindo. "Ni?"

Ya cike lambatun dama da duwatsu da siminti, ya ja ginin har ya manne da bangon masallaci. Ya cike na hagu, ya ja shi har ya manne da bangon mai injin niƙa. Kasis ya yi fiffike biyu, ya raba gari gida biyu. Ko akuya in za ta wuce sai ta tsaya ta yi shawara.

Liman ya same shi yana shafe.

"Injiniya, tsohhin ƙasan gari sun hwara rasa raka'ar hwarko. Sai an turo su daga baya."

"Allah gafarta Malam, lada ce taƙ ƙaru. Wanda yah hau tudu zuwa salla ai ya hi wanda yab bi shimhiɗa."

"Cikin wane littahi kag gani?"

"Cikin namu na injiniyoyi."

Liman ya ce a'uzu billahi, ya tattare rigarsa ya haura.

Bayan haka sai ga wani mai amalanke daga Bazaga, ya yo lodin dawa. Jakinsa ya sa ƙafa ya hau kasis da bismilla. Yana kaiwa ƙololuwa sai kaya suka rinjaya baya, amalanke ta zauna daɓas, jaki ya tashi sama. Yana can rataye tsakanin sanduna biyu, ƙafafu huɗu suna tuƙa iska, yana kuka yana kallon rufin gidajen mutane, abin da bai taɓa gani ba tun da uwarsa ta haife shi. Gari ya taru. Mata suna salati, maza suna tsalle suna neman kamo wuyansa.

"Ku lura da kyau," in ji Chindo, yana zagaya wurin da hannu a baya, "ba laihin kasis ba ne. Jakin ne bai da nauyi. Malam, kana ba shi dusa kuwa?"

"Sauko mini da jakina!"

"Shi yah hau da kainai. Ni ban kira shi ba."

Sai da ƙatti uku suka rataya a wuyan jakin sannan ya dawo duniya. Mai amalanke ya rantse yana isa Bazaga ƙofar Alhaji Mika'ilu zai fara tsayawa.

To, da zagaye ya gagara, direbobi suka sake shawara. Mota da lodi ba ta iya haura kasis ɗin Chindo sai cikinta ya karce. Saboda haka tun daga gaban lakwal suke sauke fasinja, mota ta lallaɓa ta haura ita kaɗai, mutane su biyo ta da ƙafa. Ina ake sauke su? Gaban Naja'atu. Kowa ya sayi ƙosai, ya sayi fura, ya ɗauki ƙullin albasa, ya gangaro yana ci. In sun iso rumfar Chindo sai su zauna a bencinsa su ƙarasa, su roƙi ruwan wanke hannu, su yi gyatsa, su ce Allah ya saka, su shiga mota.

Naja'atu ta zo har rumfa da ƙosai cike da kwano, ta durƙusa kamar gaske.

"Ranka shi daɗe, Injiniya, ga tukuici. Tun da nike sana'a ban taɓa ganin kaka irin wagga ba. Don Allah ƙara mishi tsawo kaɗan, keken ɗinki nika son saye."

"Tashi ki ba ni wuri, mai warin albasa."

"Warin albasa ya hi warin buta ƙonanna."

Ya kore ta, amma ƙosan ya cinye, don tun safe bai karya ba. Yana ci yana tunani, sai ya ga inda kuskuren yake. Kasis ɗin bai yi tsawo ba! In mota ba ta iya haurawa sam, ai dole ta Konni ta tsaya a sama, ta Malbaza ta tsaya a ƙasa, fasinja su yi canji a ƙofarsa. Tasha ke nan. Tashar Injiniya Chindo. Har ya fara tunanin inda zai ajiye kujerar shugaba.

Ya ƙara gini har ya kai ƙugu. Tsahara ta kawo masa fura yana saman katanga. Ta dubi gabas, ta ga sama ta fara haɗa rai.

"Baban Wasila, ruwan garin ga duka ta ina shika bi?"

"Ta lambatu mana."

"Ina lambatun?"

Chindo ya ajiye ludayi. "Tsahara, kin taɓa riƙa jan ƙyalle?"

"A'a."

"To bar ma masu ilimi."

Kashegari da hantsi hadari ya taso baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ruwan shuka! Gari ya ɗauki murna, kowa ya shiga rumbu neman iri. Ruwan saman gari kuwa ya taho yadda ya saba tun kakanni, ta lungu ta kwararo, ya haɗu a bakin kwalta, ya gangaro yana neman lambatunsa. Ya iske katanga. Ya duba dama, masallaci. Ya duba hagu, injin niƙa. Sai ya yi zamansa.

Kafin azahar babu kwalta, sai tafki. Tabarmin masallaci suka fito yawo, takalman masallata suna bin su a baya. Mai niƙa ya haye kan injinsa ya rungume buhun garin mutane yana kiran sunan Chindo haɗe da wasu sunaye da ba a rubutawa. Motoci suka yi layi ta sama har bayan lakwal, ta ƙasa har ido ya gaza. Agwagin gari, da ba su taɓa ganin arziki irin wannan ba, suka shiga da iyalansu. Can sai ga Fulani da garke, shanu suka jeru a bakin kwalta suna sha, wani dattijo cikinsu yana tambaya wane bawan Allah ne ya yi wannan sadaka.

Chindo yana jin haka ya haye kan katanga, ya gyara hular kwano.

"Ni ne! Baraj ne, madatsar ruwa! Dama shi niy yi niyya, ban hwaɗi ba ne don mahassada. Baɗi war haka shinkahwa za ku ci!"

Ga wani abin mamaki kuma. Rumfar tana bayan katanga, ta ƙasa, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Direbobi da fasinjan da suka maƙale, ga sanyi ga yunwa, suka yi caa a kanta. Benci ya cika, ƙasa ta cika, wasu a tsaye suna miƙo hannu ta kan wasu. Tsahara ta ɗaura ɗamara tana zuba shayi, buta ba ta sauka daga wuta, burodi ya ƙare aka koma shan tsura. Naja'atu ma ta kwaso buhunan albasarta ta sauko ta kafa a gefen rumfa, don ciniki ya dawo nan.

Cikin wannan hali Alhaji Mika'ilu ya iso. Ya bar babur ɗinsa a saman gari, ya tattare babbar riga, ya biyo ta kan katanga yana tangaɗi, ransa a ɓace da labarin jaki. Ya sauko, ya ga rumfa. Ya dubi mutane, ya dubi ƙanwarsa tana dariya tana share gumi, abin da ya daɗe bai gani ba.

"To," ya ce a hankali, "magana ɗaya gare ni. Ruwan shuka ya sauka, na iske mutane. Ku shaida, rumhwa ta zama ta Chindo."

Tsahara ta yi guɗa. Chindo ya ji wani sanyi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya tsira daga hauya! Wallahi a wannan lokacin har ya ba mutane tausayi, don idonsa ya kawo ruwa, ya kama hannun Alhaji da hannu biyu yana jijjigawa.

Ai kuwa ba a gama shafa fatiha ba sai ga jiniya. Motar jandarma ta ratso layi daga ƙasa ta tsaya. Shugabansu, Shef, ya fito, dogo, fuska ba wasa.

Tsahara ta damƙi rigar mijinta. "Baban Wasila, don girman Allah, yau ɗai. Yau ɗai ka yi shiru."

Naja'atu ba ta tsaya roƙo ba. Ta fizge shi, ta tura shi bayan buhunan albasa, ta lulluɓe shi da tsohon zane, ta ɗora masa buhu ɗaya a baya, ta zauna a kai. Taubashi abin tsokana ne, amma ba a ba da shi ga hukuma.

"Wa yag gina wanga abu bisa hanyar gwamnati?" in ji Shef.

Maigari ya sosa ƙeya. "Ranka shi daɗe, mu ma tashi munka yi munka gane shi."

"Tsirowa yay yi?"

"To, damina ce."

Shef ya juya wurin Liman. Liman ba ya ƙarya, saboda haka tari ya sarƙe shi, ya duƙufa kan tasbaha. Mai niƙa ya buɗe baki daga can saman injinsa, matarsa ta harare shi, ya mayar ya rufe. Sai Alkasum direba, wanda har yanzu da tabon ƙulu a goshi, ya matso. Ya sha shayi kofi biyu, zuciyarsa ta yi laushi.

"Shef, ni na gane su. Wasu magina ne sunka zo daga Sakkwato, sunka yi, sunka koma."

Shef ya hau katangar. Ya taka, ya buga da dugadugin takalmi, ko gezau. Ya duƙa ya ƙwanƙwasa. Allah kaɗai ya san ko da gaske ya yi maganar ko tarko ya ɗana.

"Lalle kam," ya ce. "Wanga aiki ba na ƙauye ba ne. Dubi ƙarhi, dubi shahe. Sai 'yan Sakkwato. Nan garin wa yas san siminti?"

Buhun da Naja'atu take zaune a kai ya motsa. Ta danna. Ya sake motsawa. Ta ƙara dannawa tana murmushi, tana cewa ɓeraye ne.

"Magina kamar nawa?" in ji Shef.

"Sun kai goma," in ji Alkasum.

"Goma uban wa!"

Buhu ya yi sama, Naja'atu ta yi gefe, albasa ta watse. Chindo ya miƙe, zane a kafaɗa, ɓawon albasa a kan hular kwano.

"Wane Sakkwato? Ƙarya yake, Shef! Ni ɗaya niy yi shi! Da hannuna! Ko ruwa ba wanda yam miƙo mini! Ku tambayi Liman, ba shi ƙarya!"

Liman ya ɗaga kai sama ya ce, "Shi ne."

Tsahara ta ajiye buta ta zauna a ƙasa.

"Madalla," in ji Shef. "Tun da Injiniya na kusa, an huta. A ba shi diga. Ka buɗe ma ruwan ga hanya yanzu, gaban idona, in ko ba haka ba ka kwana wurinmu."

Aka miƙa masa diga. Jama'a suka ce ya fasa ta wajen injin niƙa, inda tsohon lambatu yake miƙewa fadama. Maigari ya faɗa, Liman ya faɗa, Alhaji ya faɗa, har Bafillacen nan mai shanu ya nuna da sanda. Da mutum ɗaya ne ya faɗa, da wataƙila ya ji. Amma gari guda ya koya wa Injiniya aiki, gaban Shef?

"Ku yi mini shiru. Ruwa lissahi gare shi." Ya taka katanga yana ƙwanƙwasawa, ya tsaya daidai saman rumfa. "Nan ne. Nan siminti yaƙ ƙare mini, na cika da toka."

"Baban Wasila!" Tsahara ta miƙe. "Rumhwa na ƙarƙashi!"

"Za shi yin kwana."

"Wa za shi yin kwana?"

"Ruwan. Na san halinai."

Mutanen cikin rumfa ba su jira su ga halin ruwa ba, suka fice da kofuna a hannu. Chindo ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga diga, ya dubi jama'a don ya tabbata kowa yana kallo, ya sauke. Sara ɗaya, na biyu, a na uku katanga ta yi wata irin ƙara ta buɗe baki.

Ruwan bai yi kwana ba. Ya fito gaba ɗaya, ja wur, ya shiga rumfa ta gaba ya fita da ita ta baya. Ginshiƙai suka tuge, rufin kwano ya kwanta a kan ruwa, benci ya bi, buta ta bi tana hayaƙi, wata agwagwa ta haye kan rufin ta tafi a matsayin fasinja. Duk suka nufi fadama. Inda rumfa take sai laka da murhu rabi.

Chindo yana tsaye a guntun katangar da ya rage, diga a hannu.

"Alhaji," ya ce da wata 'yar murya. "Rumhwa..."

"Taka ce, ai gaban shaidu na ba ka. Ga ta can ta nuhi hwadama, bi ta. Ni dai wata ba ni da ita. Abin da yar rage gare ni gona ce, kuma gobe aka shuka."

Samari suka taru da diga da shebur suka ƙarasa fasa abin da ya tare kwalta. Ruwa ya janye, Shef ya busa usur, layi ya motsa. Kuma kowace mota in ta iso daidai inda Chindo yake sai ta lafa. Kamiyo, bas, kabu-kabu, har amalanke, ba wadda ta wuce da gudu. Direbobi suna leƙowa, fasinja suna nuna shi da yatsa, wasu suna ɗaukar hoto da waya, wasu suna danna oda suna kiran Injiniya.

Chindo ya gyara tsayuwa.

"Ka dai gani da idonka, Alhaji. Duka sun tsaya."

"Na gani," in ji Alhaji. "To ba su shayi mana."

Chindo ya dubi laka, ya dubi murhu, ya dubi motoci suna ta lafawa a gabansa. Tsahara ta zo ta karɓi digar daga hannunsa ta miƙa wa mai ita, ta kaɗe masa ɓawon albasa daga kafaɗa.

"Sauko mu tahi gida, Baban Wasila, ka ci tuwo ka kwanta da wuri," ta ce. "Bazaga da nisa."